Na gaji kyamarar mahaifina mai fim: in tayar da ita ko in sayi dijital?

Tambayar ta zo daga wani matashi a wani ƙauye kusa da Ringim. Mahaifinsa ya rasu bara, da ana rabon kaya aka tarar da wata kyamara a ƙasan akwatin ƙarfe, an rubuta Yashica FX-3 a goshinta, tare da ambulan uku cike da wasu siraran ledoji masu duhu da ramuka a gefe. Ba wanda ya so su sai shi. Yana sha'awar hoto, da wayarsa yake ɗauka, ba don sana'a ba. Yana so ya sani: ya nemo fim ya tayar da kyamarar, ko ya tara kuɗi ya sayi dijital, ko kuwa wayar ma ta isa?

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa can ta fi masa nan. Kafin mu je ko'ina, don Allah kada ka buɗe bayan kyamarar nan tukuna. A samanta ta hannun hagu akwai wani ɗan hannu da ake naɗe fim da shi. Ka ɗaga shi, ka juya a hankali ta inda kibiya ta nuna. In ya yi ta juyawa sakayau, babu komai a ciki. In ka ji ya ɗan cije, to akwai fim, kuma wataƙila hotunan da marigayi ya ɗauka na ƙarshe ne a kai. Sai ka danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamarar, ka yi ta naɗewa har ka ji ya saki, sannan ka buɗe. Fim ɗin da ba a wanke ba, haske in ya taɓa shi ko na ƙiftawar ido ne, ya tafi ke nan. Zafin shekaru zai iya sa launin ya dusashe, amma fuska takan fito, kuma dusasshiyar fuskar uba ta fi babu.

Ni tun zamanin Shagari nake wannan harka, ina malamin firamare a wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu. Da wata Zenit ta Rasha na fara, na saye ta hannu, mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, wani 24. In ya cika sai in jira ranar da zan shiga Kano, ko in ba wani direba da na yarda da shi, a kai wanki, bayan mako biyu in ga abin da na yi. A tsakanin nan ba ka san ko ka yi gwaninta ko ka yi ɓarna ba. Akwai ranar da ba na mantawa: ɗaurin auren wani aminina, na yini ina ɗauka, ango da abokai, dattawa a kan tabarma, makaɗa. Da la'asar na duba lissafin kyamara na ga ya kai 36, na ƙara ɗaya ya tafi, na ƙara wani ya tafi, har ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Gabana ya faɗi. Ashe tun da safe bakin fim ɗin bai kama sandar da ke jan sa ba, iska na yini ina ɗauka. Har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ko hotunan sun fito. Daga ranar na koyi kallon hannun naɗewa: in ka ja fim gaba bai juya ba, to fim bai kama ba.

Abin da ke jikin fim ɗin nan gishirin azurfa ne da aka dama da wani abu mai kama da ƙaro aka shafe leda da shi. Haske ya faɗa a kai sai ya bar hoto a ɓoye, ido ba ya gani. Sai an shiga ɗaki mai duhu an tsoma shi a ruwan magani na farko ya fito da hoton, a tsoma a wani ya narkar da ragowar gishirin da haske bai taɓa ba, sannan a ɗauraye da ruwa a shanya. Shi ya sa muke cewa wankin hoto. Yau inji ne yake feso tawada a takarda, amma bakinmu bai daina cewa "a wanko mini" ba. Ledojin da ka gani a ambulan su ne nagatif, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Zan dawo kansu, don a ganina sun fi kyamarar kanta daraja.

Hoto ya shigo hannun 'yan sha'awa irinmu ne a 1888, lokacin da George Eastman a Amurka ya fito da Kodak mai cin hoto 100, in ta cika ka aika da ita kamfani ɗungurungum a wanke a sake ɗura mata fim. A 1900 suka fito da Brownie a kan dala ɗaya. Da irin wannan Brownie ɗin J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara a 1950, mutumin da daga baya ya shahara a duniya da hotunan kitson matan Nijeriya. Abin mamaki, a cikin kamfanin Kodak ɗin ne wani injiniya, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975: ta haura kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Abin da suka haifa shi ya cinye kasuwar fim, har a 2012 kamfanin ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi. A 2003 Canon ta fito da EOS 300D, babbar dijital mai sauya gilashi a ƙasa da dala 1,000, daga nan 'yan sha'awa suka yi ƙaura. Mu nan kuwa wayar salula ce, wadda ta shigo a 2001, ta ƙarasa aikin sa'ad da ta samu kyamara. Mai hoton da kan zo a keke ranar sallah, ya kafa labule mai zanen bene a jikin garu, yara su jeru da sababbin kaya, yanzu sai labari.

To ga amsata kai tsaye: kada ka mai da fim abin yau da gobe. Ba wai ya mutu ba, har yanzu Kodak na yin sa, Ilford a Ingila na yin na baƙi da fari, Pentax ma ta fito da sabuwar kyamarar fim a 2024. Amma kai a ƙauye kake. Fim sai an yi cigiya, mai wanke shi ma sai an yi cigiya, ga kuɗin mota zuwa birni sau biyu. Fim ba ya son zafi, mu kuwa a bazara ma'auni na haura 40. In ka ce za ka wanke na baƙi da fari da kanka, zafin ruwan maganin a kan 20 ake so ya tsaya a ma'auni, ko ruwan randa ba ya saukowa nan a watan Afrilu sai da ƙanƙara. Bayan duk wannan wahala, a ƙarshe a kwamfuta za a zuba maka hoton ka karɓa a waya. Ka ɗauki fim ɗaya ko biyu da ita don ka ɗanɗana abin da mahaifinka ya ɗanɗana, wannan ya yi. Amma koyo yana son ka yi kuskure ka gani nan take, dijital ce ke ba da wannan.

Sai dai kyamarar nan makaranta ce, ko babu fim a cikinta. FX-3 'yan ƙarafan cikinta ne ke tafiyar da ita, ba ta buƙatar batir sai don ma'aunin haske kawai, ƙananan batira biyu irin na agogo, LR44. Bayan ka tabbatar babu fim, ka buɗe bayanta, ka juya lambar da ke sama zuwa B, ka fuskanci bakin ƙofa, ka danna ka riƙe. Za ka ga haske ta cikin gilashi. Ka sa zoben gilashin a 16 ka danna: kafa ce 'yar mitsitsiya kamar ta allura babba. Ka mai da shi 2 ka danna: ta buɗe wangwam. Sannan ka bar B, ka sa 30, ka sa 125, ka sa 1000 (wato kashi ɗaya cikin 30, ko 125, ko 1000 na daƙiƙa), kana sauraron yadda ƙarar ke gajarta. Kada ka sa yatsa a kan siraran ƙarafan da ke buɗewa su rufe, ba su da ƙwari. A minti goma ka ga abin da duk kyamarar duniya ke yi, har ta wayarka, sai dai ita tana ɓoye maka.

Abu uku ne. Faɗin kafar da haske ke shiga, tsawon lokacin da take a buɗe, da saurin kamun haske na fim ko sensa (abin da ke kama hoto a dijital a maimakon fim), wanda ake kira ISO. Ka ɗauka ban ruwa kake a fadama: ko ka buɗe bakin fangali sosai na ɗan lokaci, ko ka matse shi ka daɗe, ruwa ɗaya ne zai shiga. Ya yi kaɗan shuka ta bushe, hoto ya yi duhu. Ya yi yawa ta nutse, hoto ya ƙone. Kowane mataki ninki ne: daga 16 zuwa 11 haske ya ninka, daga 125 zuwa 250 ya ragu da rabi. Amma kowanne da abin da yake jawowa. Babbar kafa na sa bayan mutum ya narke fuskarsa ta fito ita kaɗai. Gajeren lokaci na tsayar da abu mai gudu: dokin hawan sallah a Ringim ko Gumel yana sukuwa, ƙasa da 500 ba zai tsaya maka ba, 1000 ya fi. ISO mai yawa na ba ka damar ɗauka da magariba, amma hoton zai yi yashi-yashi. Da can muna da ƙa'ida da ka, har yau tana aiki: rana tarwai, kafa a 16, lokaci kusa da lambar ISO, wato ISO 100 da 125. Hazo ya rufe rana, ka koma 11 ko 8. Inuwar darbejiya, 5.6 ko 4.

Inda nake so ka daɗe shi ne nan, domin shi ne matsalar ƙasarmu, kuma littattafan Turawa ba sa damuwa da ita. Ma'aunin hasken kyamara ba shi da hankali, duk abin da ya gani so yake ya mai da shi toka-toka tsaka-tsaki. Ka tsayar da dattijo baƙi da farar babbar riga da farin rawani a filin idi da hantsi. Kyamara ta ga fari ya cika mata ido, sai ta rage haske don rigar ta koma toka, fuskar malam kuwa ta zama gawayi, sai haƙora. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton sallah ya san wannan. A zamanin fim maganinsa mai sauƙi ne: ka ƙara mataki ɗaya, nagatif na jure yawan haske, mai wanki zai gyara. Dijital akasin haka take. In fari ya ƙone a dijital ya ƙone ke nan, aikin zare da aska takwas ɗin da aka biya maɗinki kuɗi mai yawa sai ya zama farin fili. Duhu kuwa takan yarda a ɗago shi daga baya, musamman in ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Saboda haka kada ka yi kokawa da rana. Ka ce, "Baba, a ɗan matso inuwa." Ka tsayar da shi a bakin zaure daga ciki, yana fuskantar waje, hasken ƙofa na sauka a gefen fuskarsa, duhun zauren na bayansa. Babu ɗakin hoto a birni da ya fi bakin zauren ƙasa kyawun haske, kuma kyauta ne. In gefe ɗaya ya yi duhu da yawa, ka sa yaro ya riƙe farin zane ko tiren silba ya mayar masa da haske. A gefe in gaya maka, wannan ba laifin fatarmu ba ne: shekaru da yawa ana daidaita launin fim da injin wanki da hoton farar mace ne, sai daga baya aka gyara. Wayoyin Tecno da 'yan uwanta sun sami kasuwa a Afirka har da dalilin cewa sun daidaita kyamararsu da baƙar fata.

Rana tsaka kuwa ka ajiye kyamara ka yi ƙailula. Hasken na saukowa ne daga ƙoƙon kai, inuwar hula ta cika ramin ido. Lokacinka shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya, sa'ad da shanu ke dawowa ƙurarsu ta zama zinariya in ka sa rana a bayansu. Hunturu da mutane ke kuka da shi, mai hoto murna yake, don hazo na tace rana ya kashe kaifin inuwa, fuska ta yi laushi. Damina kuma, washegarin ruwa, sama ta wanku, gero ya yi kore shar, hadari na haɗowa daga gabas.

Wayarka ta isa ka koyi duk wannan, kada wani ya raina maka ita. Inda take gazawa uku ne: abu mai nisa, abu mai gudu, da duhu. A yawancin wayoyi in ka ja hoto da yatsu biyu yanka shi kawai kake yi, ba kusanto shi ba. In ranka na son tsuntsayen dausayin Baturiya da ke zuwa daga Turai da hunturu, ko 'yan dambe, ko masunta a kogin Haɗejiya, sai kyamara. Kuma ka kashe abin nan da ke goge fuska ya mai da tsohuwa kamar 'yar tsana. Tamojin fuskar kakarka su ne hoton.

In za ka saya, ka sayi ta hannu. Irin su Canon 600D ta 2011 ko Nikon D3200 ta 2012, da ƙaramin gilashinsu na 18-55, sun fi ƙarfin buƙatarka. Kada mai shago ya ruɗe ka da yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto: hoton kati na inci 4 da 6 megafiksel biyu da 'yan kai yake ci, cikakkiyar takardar A4 ba ta kai tara ba. A wurinka ni Canon zan ce, saboda dalili ɗaya: da ɗan zoben haɗi mai araha gilashin mahaifinka zai hau kanta, ka riƙa saita shi da hannu, Nikon kuwa ba ta karɓarsa salin alin. Wannan gilashi mai lamba 50 ya fi na 18-55 kyau a hoton fuska nesa ba kusa ba. Kafin ka biya, ka haska cikin gilashi da tocila, in ka ga abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ka bar shi. Ka sa kafa a 16 ka ɗauki farin bango ko sama, ɗigon ƙurar da ke kan sensa zai fito. Ka sa a duba maka yawan hoton da ta taɓa ɗauka, irin waɗannan ƙanana wajen 100,000 aka yi musu kiyasi. Memori kuwa, araha ba ta ado. Na taɓa sayen wani a bakin titi, ya nuna yana da fili, ashe rabinsa ƙarya ne, hotunan sussukar gero na yini guda suka tafi.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Kada ka sauya gilashi a fili da hunturu, ka shiga ɗaki, ka kifa bakin kyamarar ƙasa. Kada ka goge gilashi da bakin riga, yashi na kankare shi. Ka fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska. Da damina ka ajiye ta a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi. Batir biyu dole ne, ka ba mai cajin sola ɗaya kana aiki da ɗaya. In hawan sallah kake hari, ka fara gwaji tun azumi da jakuna da babura, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu ɗaya na fim da nake roƙonka ka riƙe shi ne lissafi. Da muna da 36 kawai, sai mun zagaya, mun tsuguna, mun jira mai tallan fura ta shigo daidai inda muke so kafin mu danna. Yanzu yaro zai ɗauki 400 a biki ɗaya bai kalli ko ɗaya da kyau ba. Ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a ka ce wa kanka 36 gare ni. Kuma ka yi sallama kafin ka ɗaga kyamara, ka nemi izini, wanda ya ce a'a ka ba shi haƙuri ka wuce. Akwai masu ƙin hoto saboda fahimtarsu ta addini, haƙƙinsu ne. Matan aure da cikin gidan mutane ba wurin gwaji ba ne, shingen jami'an tsaro ma haka. Wanda ka ɗauka ka koma masa da kati ɗaya, gobe shi zai kira ka in ana yaɓen rumbu ko baibayar ɗaki, abubuwan da kwano da bulo ke korewa a gabanmu.

Ka riƙa wankewa. Waya na faɗawa rijiya, ana sace ta, memori na mutuwa ba sallama. Duk wata ka zaɓi biyar ko goma a buga maka a takarda, ka rubuta suna da gari da kwanan wata a baya da fensir, ba biro ba, don tawadarsa na hudowa. Sauran ka ajiye su wuri biyu. In za ka tura wa mai bugawa ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya rage masa kyau.

Yanzu nagatif ɗin nan. Ka riƙe su ta gefe, kada yatsa ya taɓa tsakiya, kada kuma ka sa musu ruwa ko ka bar su a rana. Da daddare ka ari wayar wani, ka buɗe farin shafi a fuskarta, ka ƙure haskenta. Ka yanka 'yar taga a kwali, ka ɗora nagatif a kai, ka ɗaga shi kamar faɗin yatsu biyu daga fuskar wayar don ɗigoginta kada su fito. Ka ɗauka da taka wayar, ka jingina gwiwar hannu a tebur don kada ta girgiza. Sannan a manhajar gyaran hoto ka juya launin. Na launi zai fara fitowa shuɗi-shuɗi saboda ruwan lemon da ke jikin ledar, in gyaran ya ba ka wahala ka mai da shi baƙi da fari, ya wadatar. Ambulan uku, in kowace fim ɗaya ce, hoto wajen ɗari ke nan da wataƙila ba wanda ya gani a gidanku shekara talatin. Waɗanda suka fito ka kai wa gwaggonka ko wani tsoho a dangi, ka zauna kusa da ita da littafi da fensir, ta riƙa gaya maka wane ne wannan mai doguwar hula, gonar wa ce wannan, bikin wa ake yi.